Ƙafa ɗaya kan dogo

Ku 'yan matan da kuke ta turo mini bidiyon nan kuna cewa in koya muku, na gaji da ba ku amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Eh, ni ce a ciki, ni ce mai jan ɗankwali da ke zaune a bakin layin dogo a Adjamé da albasa a gabanta, jirgin ƙasa na tahowa tana murmushi. An yanke bidiyon daidai kan murmushin. Abin da ya biyo baya ba ku gan shi ba. Saura ƙiris Gwaggo Kande, yayar babana wadda ta koya mini sana'ar nan, ta tafi ƙarƙashin jirgin, kuma ni ce sanadi. Yau wata biyu ke nan.

Sunana Saratu, amma a layi Uwani ake ce mini, don sunan mahaifiyar Gwaggo na ci, ita kuwa ba za ta iya kiran sunan uwarta ba. A unguwar Treichville aka haife ni, can muke zaune har gobe, kusa da tashar jirgi. Na bar lise, wato makarantar sakandare, bayan rasuwar Baba. Shekara bakwai ke nan ina sayar da albasa.

Aikin farko da Gwaggo ta sa ni shi ne cusa hannu cikin buhu. Mun je inda tireloli ke sauke albasar Nijar, kusa da kasuwar Gouro, wajen ƙarfe shida na safe. Dillalin ya buɗe mana bakin buhu, albasa jajaye masu sheƙi kamar an shafa musu mai. Na ce, "Gwaggo, wannan ta yi kyau." Ko kallona ba ta yi ba. Ta kama hannuna ta tura shi ciki har gwiwa.

"Me kika ji?"

"Ɗumi."

"To fito da hannunki mu wuce. Albasa mai lafiya ba ta zazzaɓi."

Dillalin ya yi ta rantsuwa cewa zafin mota ne. Ta ce masa, "Alhaji, bar rantsuwa da sassafe, ka adana ta, za ka buƙace ta da rana." Buhu huɗu muka wuce kafin hannuna ya ji sanyi. Daga nan ta koya mini sauran. A matsa wuyan albasa da babban yatsa: in ya lotsa, ruwa ya shiga. A jijjiga buhu a saurara: busasshiya ƙara take yi kamar ganyen da aka taka, jiƙaƙƙiya kuwa shiru. Hanci shi ne na ƙarshe, don kafin hanci ya ji, aikin gama ya gama.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Buhu ɗaya da aka farke aka shimfiɗa, faifai biyu, ƙaramar wuƙa mai ƙotar itace da ta sha wasa har ta zama siririya kamar tsinke, kujera 'yar tsuguno, laima, da gammo. Shi ke nan. Masu wucewa gani suke kamar zama kawai muke yi muna jiran mai saye. Ku zo ku zauna ku gani. Buhu guda sai an ware shi uku: manya na masu dafa abincin sayarwa, matsakaita na matan gida, ƙanana masu yaji na masu garba, wato masu sayar da aceke, dambun rogon nan, da soyayyen kifi, da na masu tsire. Kowace sai an cire mata rigar waje ɗaya tak. In kin cire biyu ta yi tsirara, rana ta dafa ta kafin azahar. Sannan a kasa: uku a ƙasa, ɗaya a sama, wuyansu na kallon ciki. Wata guda na yi kashina na rushewa. Gwaggo ta kan miƙo yatsa ɗaya ta taɓa na saman, duk su watse, ta ce, "Sake. Wannan ko kaza ta yi tari zai faɗi."

Masu saye ma karatu ne. Akwai matar da za ta ɗauki kowace albasa ta juya ta ajiye, ta lalata kashi biyar, ta sayi ɗaya. Akwai Malam Idi mai garba, wanda shekara da shekaru bai taɓa zaɓa ba, sai dai ya miƙo buhunsa ya tsaya yana ba Gwaggo labarin garinsu. Gwaggo Faransancinta bai wuce kalma goma ba, Julancinta kuma, yaren da ake ciniki da shi a nan, na zagi ya fi yawa, amma ban taɓa ganin mai saye ya tafi don ba su fahimci juna ba. Ta koya mini gyara: ba a ba da ita tun farko, sai mai saye ya ɗaure ledarsa ya juya, sannan ki kira shi ki jefa masa guda ɗaya. "Wadda aka ba shi a hannu mantawa yake," in ji ta. "Wadda aka kira shi aka ba shi, ita ke dawo da shi."

Duk wannan rabin sana'ar ne. Ɗaya rabin jirgi ne.

Inda muke kasa kaya ba rumfa ba ce. Bakin layin dogo ne, inda ya ratsa ta bayan kasuwa, mata jere da kaya hagu da dama har kusa da ƙarfen. Mu wurinmu shi ne na farko daga kwana, a wani lungu tsakanin katanga da shagon kwantena, ta yadda in kina zaune ba kya ganin sauran mata, su ma ba sa ganinki. Shekara talatin da wani abu Gwaggo na wurin. Jirgin da ya taso daga Treichville ta wannan kwanar yake ɓullowa, mafi yawa na kaya ne, tankokin mai da taragu rufaffu. A hankali yake tafiya a nan, yana kuka. Amma kasuwa ma kuka take: masu amalanke na ihu, motocin haya na gbaka na oda, masu sayar da kaset na ƙure sauti. Kunne kaɗai ba ya isa.

Don haka ranar farko da na zauna, kafin ta nuna mini kashi, Gwaggo ta ce in cire takalmi.

"Ɗora tafin ƙafarki ɗaya kan dogo. Kada ki sauke sai kin tashi."

"Da zafi, Gwaggo."

"Zai saba da ke."

Ƙarfe yana magana kafin jirgi ya yi. Tun yana nesa, ba a ganinsa ba a jinsa, za ki ji wani abu kamar tururuwa na tafiya a tafin ƙafarki, daga nan ya hau idon sawu. Da zarar kin ji, kin tashi. Akwai tsari, ba a sauya shi: laima a rufe, in akwai yaro a kusa a cafke shi ko na waye, a haɗa kusurwa huɗu na buhun shimfiɗa a ɗaga kaya gaba ɗaya, kujera ita ce ƙarshe, da ƙafa ake shure ta. Sai a lafe jikin katanga. Abin da baƙo ba ya ganewa shi ne jirgi ya fi dogo faɗi nesa ba kusa ba. Cikinsa ya zarce ƙarfen da fiye da tsawon hannu, ga matakala da ƙugiyoyi suna leƙowa. Wanda ya tsaya yana cewa ai ba na kan layi, shi jirgi ke ɗauka.

Tsofaffin layi ba sa gudu. Abin kunya ne a ga mace na zabura albasa na gangarawa. Da wuri suke tashi, shi ya sa suke tashi a hankali. Gwaggo kan ɗaga kayanta kamar mai ɗaukar jariri, ta tsaya tana goge haƙori da asuwaki har taragon ƙarshe ya wuce, ta mayar da buhu ƙasa, kashi ko ɗaya bai motsa ba. Ni abin da na gani ke nan ina yarinya: natsuwar. Ban lura da cewa da wurin ne ya haifi natsuwar ba.

Muguwar shekararmu ita ce shekarar da hanyar Nijar ta rufe. Tireloli suka daina zuwa. Abin da ya rage a kasuwa sai albasar Turai ta cikin jar raga, fara-fara, ruwa tsundum, ba ta da yaji. Malam Idi ya ɗanɗana ya tofar ya ce wannan ai ƙanwar kankana ce. Ga damina ta zo da ƙarfi, kwana uku sai rabin buhu ya ruɓe. Mata da yawa sun bar layi. Gwaggo ta ƙi, don wurin da aka bari fanko mako guda ba a dawowa a same shi. Mun kasa lemon tsami, mun kasa attarugu, akwai ranar da kashi shida kacal ne a gabanmu, muka zauna a bayansu tun safe har la'asar kamar masu gadin kabari. A cikin shekarar ne ciwon suga ya kwantar da ita wata biyu. Ni kaɗai na riƙe wurin.

Da ta warke ta dawo, Tanti Awa ta zo. Tanti Awa Bajula ce, ita ce shugabar matan layi, ita ke raba wuri da raba faɗa, Hausarta kuma ta fi ta wasu 'ya'yan Hausawan Treichville. A da kusa da Gwaggo nake zama, kafaɗa da kafaɗa. Ran nan Tanti ta ɗauki kujerata da kanta ta dire ta a gaban Gwaggo, muna fuskantar juna, kaya a tsakaninmu, ni ina kallon kwana, Gwaggo ta ba kwana baya kamar yadda ta saba.

"Daga yau nan ne wurinki."

"Don me, Tanti?"

"Don kyawunki ya jawo masu saye. Yi shiru ki zauna."

Na yi dariya na zauna. Daga lokacin na lura kullum idon Gwaggo na kan ƙafata. Kanta a sunkuye, tana ɓare albasa, amma idon na wajen. Na ɗauka dubawa take ko na yi wayo na saka takalmi. Har na taɓa ce mata, "Haba Gwaggo, shekara nawa, har yanzu ba ki yarda da ni ba?" Ta yi murmushi ta ci gaba da ɓare albasarta. Na kuma lura sai na maimaita magana sau biyu kafin ta amsa, Malam Idi ya riƙa ɗaga murya in yana ba ta labari. Na ce tsufa ne. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Yanzu wasan. Ba ni na ƙirƙiro shi ba, amma ni na fi kowa suna a kansa. 'Yan matan layi ne suka fara, 'ya'yan masu tumatir da masu kifi: in jirgi na zuwa, wa za ta tashi ƙarshe. Darniye muke ce masa, wato na ƙarshe da Faransanci. Akwai falwayar wuta uku tsakanin kwana da wurinmu. Mai tashi jirgi na falwaya ta farko matsoraciya ce. Ta biyu, ba laifi. Ta uku, sai ni da wata guda, ita ma daga baya ta bari. Ba a cin komai, sai tafi da ihu. Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai daɗi. Ƙarfen na rawa har cikin haƙoranki, kowa ya lafe a bango yana kiran sunanki, ke kina zaune kina gyara ɗankwali. Iskar jirgin na bugun bayanki lokacin da kika kai katanga. Ranar duk ji kike kin fi kasuwar tsawo. Na ce wa kaina ai natsuwar tsofaffi ce nake yi, na dai ƙara mata gishiri.

Ban taɓa yi a gaban Gwaggo ba. Jirgin rana nake jira, wanda ya saba zuwa tana masallaci wajen azahar. Tsoron faɗanta nake ji, ba wani abu ba.

Fanta, ƙawata mai sayar da kayan waya, ita ta fara ɗaukata a bidiyo. Na farko ya zagaya, na biyu ya fi shi. Har a motar Treichville wani yaron mota ya gane ni ya ce, "Ke ce mai albasar jirgi!" Fanta ta ce saura guda ɗaya mai kyau, wanda zan kalli waya ina murmushi, kada in kalli jirgin sam.

Ranar Talata ce. Jirgin safe ya makara, bai zo ba har wajen sha ɗaya. Gwaggo na zaune tana ware ƙanana don Malam Idi. Fanta ta leƙo daga gefen kwantena da wayarta, a daidai lokacin na ji tururuwar a tafin ƙafata. Ta ɗaga mini gira. Hasken ya yi kyau, in ji ta daga baya. Na dubi Gwaggo, na ce a raina: za ta tashi abinta kamar kullum, ta ja kayan, in ya so ta zage ni da yamma, zagi ba ya fito da ƙari. Na danne ƙafata kan dogo. Na juya fuskata wajen Fanta.

Na ji kukansa ya fito daga kwana. Na ƙirga a raina. Falwaya ta farko. Can ƙasan layi mata na ta kiran "Jirgi! Jirgi!" kamar yadda aka saba. Ta biyu. Kukan ya sauya, ya zama dogo ba yankewa, irin wanda ban taɓa jin direba ya yi mini ba. Nan ne murmushin da kuka gani. Sai na ga bakin Fanta ya buɗe, wayar ta yi ƙasa.

Na waiga. Gwaggo na zaune. Kanta a sunkuye, wuƙa a hannu, albasa a ɗayan, idonta kan ƙafata. Kan jirgin ya cika duk abin da ke bayanta. Kuma ta fi ni kusa da shi da taku biyu.

Ban san yadda na tsallake kayan ba. Na dai san na cafki zaninta ta ƙugu da wuyan rigarta na ja da dukkan ƙarfina, muka zube kan tsakuwa a gindin katanga, ita a ƙasa ni a kanta. Wani abu ya yi ƙara a bayana, kujerarta ce. Laimar ta tafi. Albasa ta riƙa fashewa ƙarƙashin ƙafafun jirgi, warin ya cika ko'ina. Birki na ƙugi, taragu na wucewa ɗaya bayan ɗaya dab da dugadugaina, ba sa ƙarewa. Na rufe kanta da hannuwana. Ina jin numfashinta a wuyana, shi kaɗai nake saurare.

Da ya wuce ya tsaya can gaba, na ɗaga. Ɗankwalinta ya faɗi, furfurarta duk ƙura, hannunta na hagu ya juya yadda hannu ba ya juyawa. Wuƙar na nan a damanta, ba ta sake ta ba. Ta dube ni, babu faɗa a fuskarta, mamaki ne kawai. Ta ce:

"Uwani, ƙafarki ba ta ɗaga ba."

Ban gane ba. Wallahi a lokacin ban gane ba.

A barandar asibiti a Treichville Tanti Awa ta fahimtar da ni, ana ɗaure wa Gwaggo hannu a ciki. Ba ta mare ni ba, da ta mara da ya fi mini sauƙi. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Yako," yadda mutanen nan ke jajantawa. Sannan ta ce tun ciwon sugan nan Gwaggo ba ta jin komai a tafin ƙafarta, ko allura aka soka mata. Kunnen dama ya tafi, na hagu saura kaɗan. Shekara biyu ke nan ba ta ji zuwan jirgi ba, ba ta ƙafa ba, ba ta kunne ba. Ƙafata take kallo. In na ɗaga, ta tashi.

"Kowa ya sani?"

"Duk tsofaffin layi. Har Idi mai garba."

"To me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Ita ta hana. Ta ce kada a ɗora wa yarinya nauyi. Kuma ta yaya za a ce wa 'ya, uwar da ta koya miki jin dogo ba ta jin dogo? Mun ce ai ke ce ɗalibarta, ba a taɓa yin mai ƙafa irin taki a layin nan ba. Mun ce ba sai an faɗa ba." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Wasan naku ma na ji labarinsa. Na ce yarinta ce, tunda ba kya yi tana nan. Nawa laifin ke nan, ba sai kin ɗauka duka ba."

Daga nan magana ta koma kan ko Gwaggo za ta sake zama a layi. Ɗanta, Yaya Sani, mahauci ne a kasuwar Treichville, ya ce an gama, ta zauna gida. Tanti ta ce wurin na nan tana riƙe da shi, ta sa an ɗora daro a kife da dutse a kai, amma sharaɗi ɗaya ne: ba za ta bar Gwaggo ta zauna ba sai da wadda za ta zauna a gabanta. Gwaggo ba ta da 'ya mace. Ni ce, ko babu.

Ni kuwa na kasa. Mako bakwai ban taka Adjamé ba. Gidanmu na kusa da tasha, duk jirgin da zai tashi sai mun ji. In ya yi kuka, abin da ke hannuna faɗuwa yake. Na fasa kofi biyu da kwanon miya. Ko warin albasa a kicin sai ya sa in fita waje.

Gwaggo ba ta taɓa tayar da zancen ba. Tana zaune a tsakar gida da hannu a rataye, tana ramewa a kan idonmu. Ba ciwo ba ne, zaman ne. Wata safiya na fito na same ta ta ɗebo albasar girkin gida, guda takwas, ta kasa su kashi biyu a kan tabarma da hannu ɗaya, uku a ƙasa ɗaya a sama. Ta rushe, ta sake. Da ta gan ni sai ta yi sauri ta tura su ƙarƙashin faifai kamar yarinyar da aka kama da sata.

Na durƙusa kusa da kunnenta na hagu.

"Gwaggo, ki yafe mini."

"Me kika ce?"

Na san ta ji. Na ɗaga murya na sake faɗa.

"Uhm. Wa ya ja ni daga bakin jirgi? Aljani?"

"Ni na sa ki a bakinsa."

"Ni ma na sa ki a gabana ban gaya miki ba. Kowa ya ɓoye nasa." Ta janyo faifan, albasar ta fito fili. "An ce miki ta Nijar ta sauko? Idi ya aiko, wai yarinyar da yake saye wajenta yanzu ruɓaɓɓu take cusa masa a ƙasa."

Ba ta ce mu koma ba. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Ranar Litinin da ta wuce muka koma. Yaya Sani ya yi ta faɗa, daga baya shi ya ƙera wa Gwaggo sabuwar kujera. Ni na cusa hannu a buhu, ita ta tsaya tana kallon fuskata. Da muka isa layi mata suka yi ta guɗa, Tanti ta ɗauke daron. Na shimfiɗa buhu, na cire takalmi. Na daɗe tsaye kafin in iya ɗora ƙafar. Ƙarfen da ɗumi, kamar yadda na bar shi.

Ba a yi rabin awa ba na ji motsi. Na zabura, na rufe laima, na haɗa kusurwa huɗu, Gwaggo ta miƙe, muka lafe a katanga. Muka jira. Shiru. Ashe babbar mota ce ta ratsa layi can sama. 'Yan matan tumatir suka leƙo suna dariya, ɗaya ta ce, "Mai darniye ta zama ta farko!" Kafin azahar sau huɗu na tayar da tsohuwar nan a banza, da hannunta guda a rataye. Sau huɗu tana tashi ba ta tambaya. Na biyar shi ne na gaske, kuma mun kai katanga tun bai fito daga kwana ba. Na rufe ido na ƙanƙame buhun har ya wuce. Da na buɗe, tana goge haƙori da asuwaki.

To ku masu cewa in koya muku, abin da na iya ke nan: ware albasa, kasa ta, da tashi da wuri. Wadda ke son wannan ta zo da safe ta cire takalminta. Wancan kuwa na roƙi Fanta ta goge, ta goge nata, amma ya riga ya shiga wayoyinku. In kun sake kallonsa, ku bar fuskata, ku dubi gefen hagu na hoton, can ƙasa. Za ku ga gefen wani shuɗin zani da hannu riƙe da wuƙa. Kafin ku zauna a bakin dogo, ku tambayi kanku wa ke kallon ƙafarku ba ku sani ba.

Jiya da la'asar, kasuwa ta yi sanyi, muna zaune ba mai saye. Kan Gwaggo a sunkuye, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Uwani, ƙafar nan taki rawa take."

Na matso kusa da kunnenta. "Ba jirgi ba ne, Gwaggo. Ni ce."

"Na sani. Na san bambancinsu." Ta ɗora albasa ta huɗu a kan ukun, ta gyara mata zama. "Bar ta ta yi rawarta. Ke dai ki ɗaga in lokaci ya yi, ina gani."